Sai Dutsen Ya Faɗi da Kansa

A gidan da na yi aure ba a taɓa jin ciwo a rasa likita ba, don kowa likita ne. Ƙauyen yana bayan Kafanchan, a gindin duwatsu, inda ake noman citta. Ni a cikin gari na tashi, kusa da tashar jirgin ƙasa, a garin kuma nake koyarwa a firamare. Duk hutu sai mu kwashi yara mu tafi gida wurin surukata, wadda yara da manya duk muke kira Kaka. Duk hutu kuma da ciwon kai nake dawowa.

Yaro ya ƙone da kunu, kafin in ɗebo ruwan sanyi an fasa masa ɗanyen ƙwai a hannu, wata ta rugo da manja, wani yana matso man goge baki. Yaro ya yanke da lauje, a danna masa toka. Yaro ya yi haɓo, a tanƙware masa wuya baya ya yi ta haɗiyar jininsa. In na buɗe baki na ce a makarantar horon malamai an koya mana ƙuna ruwa kawai take so, a yi ta zuba mata har zafin ya fita, sai Kaka ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Malama, ni na haifi miji naki. Kin gan shi da hannu ɗaya?" Sai tsakar gida ta ɗauki dariya, har da shi mijin.

Waɗannan duk ƙananan likitoci ne. Babban likitan gidan wani baƙin dutse ne, girmansa kamar ɓarin goro, mara nauyi. Wani Fada Bature, limamin coci, shi ya ba marigayi surukina lokacin yana katikis mai koyar da addini, tun bayan rasuwarsa kuma dutsen yake hannun Kaka, a cikin wani tsohon gwangwanin man zafi. In kunama ta harbi mutum ko maciji ya sare shi, sai a tsaga wurin da reza har jini ya fito, a ɗora dutsen, ya manne. Daga nan doka ɗaya ce, kowa a ƙauyen ya haddace ta fiye da Addu'ar Ubangiji: ba a motsa mutum sai dutsen ya faɗi da kansa. Wai in aka girgiza shi ya faɗi kafin ya gama tsotsa, dafin da ya zuƙo zai koma jiki da fushi.

In ya faɗi, sai a jiƙa shi a sabuwar madara ya amayar da abin da ya sha. Madarar kuwa wata Bafulatana ce take kawowa daga rugar da ke ƙetaren rafi, muna kiranta Inna. Ta kawo madara, Kaka ta cika mata ƙwarya da busasshiyar citta, yaran ruga ma in kunama ta taɓa su nan ake kawo su. Ko a shekarun da zama ya yi tsami tsakanin manoma da makiyaya, wannan ƙwaryar ba ta fasa zuwa ba, kuma wannan kam ban taɓa kushe shi ba.

Dutsen nake kushewa. Zafin kunama da kansa yake sauka in an yi haƙuri, macizai da yawa kuma ba su da dafin kisa. Mutum zai warke ko da dutse ko ba dutse, amma yabo na dutse ne. Na faɗa a tsakar gida, na faɗa wa matan zumuntar coci bayan sujada, na faɗa wa mijina a ɗaki har bakina ya gaji. Shi ma ya yi boko, ya san gaskiyar, amma da ya taka ƙofar gidan uwarsa sai karatun ya tsaya a waje yana jiransa.

Abin ya faru a hutun Ista, farkon damina. An gama shuka citta, ana rufe gona da ciyawa da ganye don kada rana ta ƙona irin. Ciyawar tun kwanaki ake yanke ta a tara tsibi-tsibi a bakin gona, ta sha ruwan farko, ƙarƙashinta ya yi sanyi da laushi. Duk wanda ya san gona ya san wa ke son irin wannan wurin. Manya sukan bubbuga tsibin da sanda kafin su sa hannu, ga dogon takalmin roba a ƙafarsu. Yara kuwa aikinsu ɗaukar ciyawa a ka, ƙafa a waje. 'Yata ta tsakiya, lokacin tana aji biyu, ta nace sai ta bi 'yan uwanta. Na ce a'a. Ubanta ya ce in bar yarinya ta san gida. Na bar ta, na tsaya ina tuƙa wa masu gayya tuwo.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce, "Malama, igiya ta taɓa yarinya naki." A ƙauyen ba a kiran maciji da sunansa in ya yi ɓarna, igiya ake cewa. Ta faɗa a hankali, kamar mai ba ni labarin akuya ta shiga lambu. Na ce yaushe? Ta ce ai an jima, har an sa dutse. Wato sun aika gida an ɗauko gwangwanin a ɗakin Kaka, an wuce ni ina bakin murhu, ba wanda ya ce min kanzil, don sun san halina.

Ban san yadda na isa gonar ba. Na same su a ƙarƙashin mangwaro, mutane sun yi da'ira, 'yata tana zaune a kan buhu ta jingina da Kaka. Saran a gefen ƙafar hagu ne, wajen ƙananan yatsu. An tsaga wurin da reza, dutsen yana manne, jini yana gangarowa ta ƙarƙashinsa yana ɗiga a ƙasa. Ƙasan gwiwa kuma ƙanin mijina ya yanko robar tsohon tayan keke ya ɗaure, ya ja iya ƙarfinsa na manomi, har robar ta nutse cikin nama. Ƙafar ta kumbura, tana sheƙi, ta fara canza launi. Yana tsaye a gefe yana gaya wa kowa cewa ko ɗigon dafi bai wuce ɗaurinsa ba.

Macijin yana rataye a sanda, an fasa masa kai. Gajere ne, ruwan ƙasa, da ɗige-ɗige a baya. Kububuwa. Na san ita ba ta wasan kunama ba ce.

Abin da aka koya mana ba shi da yawa, shi ya sa ban manta ba. A kwantar wa yaro da hankali. A cire duk abin da zai matse in kumburi ya zo. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure. A hana ƙafar motsi, a ɗauke shi, kada ya taka, a kai shi asibitin da ke da allurar dafin maciji ba tare da ɓata lokaci ba. Duk abin da aka ce kada a yi na same shi an yi, an kuma yi shi da kyau. Abu ɗaya da aka ce a yi, shi ne ba wanda ya yi niyyarsa.

Na ce, "Kaka, asibiti za mu tafi yanzu."

Ba ta ko ɗago kai ba. "Yarinya ba zai tashi ba. Dutse bai gama aiki nashi ba."

"Kaka, dubi jinin nan, ba ya tsayawa."

"To ai shi ne. Mugun jini ne yana fita. Ki gode wa Yesu."

Na juya wurin mijina. Ya sosa ƙeya ya ce, "Maman yara, mu ɗan ba shi lokaci kaɗan. In bai faɗi ba sai mu tafi." Na ce lokacin wa za mu ba shi, naka ko na yarinyar? Ya dubi uwarsa, ya dubi ƙasa. Wani dattijon coci ya ɗaga hannu ya ce mu rufe ido a yi addu'a. Ni ba na faɗa da addu'a, amma na ce masa, "Baba, a yi ta a kan hanya mana, Ubangiji yana jin mutum ko a kan mashin." Ya ce min bakin 'yan gari ya cika kaifi. Wata ta kawo jiƙon saiwa a kofi, wata ta ce a ba ta manja ta sha ta yi amai. Na karɓi kofin na juye shi a gindin mangwaro, aka yi salati da salallami kowa da yarensa.

Na durƙusa gaban 'yata. Ba ta kuka, abin da ya fi tayar min da hankali ke nan. Ta ce, "Momi, ƙafata ta yi barci." Na kai hannu kan robar, na tsaya. An koya min kada a ɗaure, amma ba wanda ya koya min abin da zan yi in na tarar an riga an ɗaure tun ɗazu. In na kwance, dafin da ya taru zai kwarara jiki gaba ɗaya? In na bari, ƙafar za ta mutu? Ban sani ba. Na janye hannuna, na ji kamar in kurma ihu. Sai 'yata ta tofar da yawu, na ga ja a ciki. Na buɗe bakinta, dasashinta yana tsattsafo da jini.

Na miƙe na ce a nemo min mashin. Aka ce ranar kasuwa ce, duk masu mashin sun fita tun safe. Na ce to wa aka kira a waya? Ƙanin mijina ya ce an kira. Na ce wa? Ya ce Inna, ta kawo madarar wanke dutse.

Har yau in na tuna wannan sai in ji kaina yana sarawa. Akwai waya a aljihun kusan kowane namiji a wurin. An hau kan tudu an nemo sabis, an buga, an yi magana. Dutse aka yi wa tanadin wanka, yarinya tana zaune jini yana zuba. Na zazzage su tas, ban bar babba ba ban bar yaro ba, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Ina cikin faɗan muka ji ƙarar mashin. Inna ce, ƙanin mijinta ya goyo ta, tana rungume da ƙwaryar madara don kada ta zube. Da ta ji jikar Kaka ce, ba ta tsaya takowa da ƙafa ba. Ta sauka ta duba ƙafar, ta duba bakin yarinyar, ta ce, "Subhanallahi." Na yi zaton na sami mai goya min baya. Sai ta kwance bakin zaninta ta fito da wani ƙullin gari ta ce a shafa a goshi. Ita ma likita ce. Amma ni a lokacin mashin ɗin kawai nake gani.

Na sunkuya zan ɗauki 'yata, Kaka ta rungume ta gam. Tsohuwa ce, amma hannun da ya yi shekaru yana haƙar citta ba ya sakin abu da sauƙi. Idonta ya cika da ƙwalla. Ta ce, "In dutse ya faɗi a hanya, ke kin kashe shi. Ni ba zan bari ki kashe jika nawa ba." A nan na gane ba taurin kai kaɗai ke riƙe da ita ba, tsoro ne irin nawa, kuma in muka tsaya ja-in-ja yarinyar ce za ta sha wuya a tsakaninmu.

Na ce, "To Kaka, dutsen ba zai faɗi ba. Ke za ki riƙe shi. Ki hau mashin ki danne shi da hannunki har Kafanchan."

Dattijon ya ce bai taɓa jin an yi haka ba. Kaka ta juya maganar, ta duba dutsen, ta duba mashin. Ita da ko motar haya ba ta so, wai tana juya mata ciki. Sai ta ce a kawo mata ɗankwalinta.

Na samo wani miƙaƙƙen itace na ɗora ƙafar a kai, na naɗe da zanina sako-sako don kada ta yi ta lilo. Na ɗauki hoton macijin a waya. Mai mashin ya hau, Kaka ta hau bayansa, aka ɗora mata yarinyar a cinya a karkace, hannunta ɗaya ya zagaye ta, ɗayan yana kan dutse. Sai na duba na ga babu wurina. Mashin ya cika. Ni na kawo shawarar, ni ce kuma na tsaya a bakin gona ina kallon 'yata tana tafiya a hannun matar da nake jin kamar in shaƙe. Na ce wa mai mashin, "Malam, don Allah babban asibiti, kada ka tsaya a kemis ko wa ya ce ka tsaya." Ya ce, "In sha Allahu, Malama." Ni da mijina muka bi da gudu har bakin titi, muka tari motar haya.

Da muka isa asibiti an riga an kwantar da ita. Kaka tana tsaye a bakin gado, hannunta har lokacin yana kan dutsen, ya sandare, ta ƙi bari kowa ya taɓa. Wata nas mai jiki ta ce, "Mama, kin yi ƙoƙari, kawo in taya ki." Ta ɗaga hannun Kaka a hankali, ta cire dutsen da almakashi ta jefa a wani farantin ƙarfe, ya yi ƙara kamar tsakuwa. Kaka ta dafe ƙirji tana jiran sama ta faɗo. Da ba abin da ya faru, sai ta lallaɓa ta ɗauke kayanta ta ƙulle a bakin zani.

Na nuna wa likita hoton. Suka ɗebi jinin yarinyar a wata ƙaramar kwalba suka ajiye, aka jira, aka karkata kwalbar, jinin yana nan ruwa tsululu, bai daskare ba. Likitan ya ce aikin kububuwa ke nan, tana hana jini tsayawa, shi ya sa tsagar reza ta zama ƙofa a buɗe. Allah ya taimake mu suna da allurar. Aka sa mata a cikin ƙarin ruwa, sai da ta fara shiga jiki sannan suka sassauta robar kaɗan-kaɗan. Da jini ya fara komawa ƙafar, 'yata ta yi wata irin ƙara da har yau ba na son tunawa.

Likitan ya tambaya wa ya ɗaure, kuma tun yaushe. Bai jira amsa ba. Ya ce dafin za su iya da shi, ransa bai kwanta da ƙafar ba. Ga dafi an tare shi wuri ɗaya yana cin nama, ga jini an hana shi zuwa. Sai dai a jira a ga iya inda ta mutu da inda za ta farfaɗo.

Muka jira. Jinin ya tsaya, kumburin ya fara sauka daga gwiwa zuwa ƙwauri. Kowace safiya likita yakan zo ya taɓa wuri-wuri ya ce, "Kin ji nan? Nan fa?" Ni kuma in zuba mata ido har sai ta ce e. Kaka ta ƙi komawa ƙauye, ta shimfiɗa tabarma a gefen gado, ita ce wanki, ita ce ba da abinci a baki. Ban ji kalmar ban haƙuri daga bakinta ba ko sau ɗaya. Abin da na ji shi ne tana gaya wa matar gadon kusa cewa da ba don ta danne dutse tun daga gona ba, da dafi ya kai zuciya. Na fita baranda na tsaya har numfashina ya daidaita, don in na amsa mata a lokacin sai an kira masu gadi.

Ƙwauri ya dawo, dunduniya ta dawo, babban yatsa ya motsa. Ƙananan yatsu biyu na gefe suka yi baƙi suka bushe. Likita ya kira ni da ubanta ya ce sai an cire su, in ba haka ba ruɓar za ta hau. Mijina ya zauna a kan benci ya rufe fuska da hannu. Ban lallashe shi ba. Ni na sa hannu aka shiga da ita.

Ranar da aka kwance bandejin a gabanta, ni da Kaka ne a wurin. Nas ta warware a hankali, ta goge, ta ce wurin ya yi kyau. 'Yata ta tashi zaune ta jawo ƙafar kusa da fuskarta. Ta daɗe tana kallo. Ta miƙo ɗaya ƙafar ta jera su, ta duba wannan ta duba waccan. Sai ta sa harshe a giɓin haƙorinta na gaba, inda sabo ya fara leƙowa, ta ce, "Momi, su ma za su sake tsirowa ko?"

Na juya na dubi Kaka na ce, "Kaka, jikarki tana tambaya." Da gangan na faɗa, da duk haushin da na tara. Kaka ta kai hannu za ta taɓa ƙafar, sai ta mayar da shi cinyarta.

Yarinyar tana jira, tana duban fuskata tana duban ta kakarta. Sai na zauna a bakin gadon na riƙe ƙafar da hannu biyu na ce, "A'a, 'yata. Waɗannan ba sa tsirowa."